Yadda ake gina shaƙuwa mai ɗorewa tsakanin yaro da karensa

Yaro da karen da suka tashi tare ba sa girma da sauri ɗaya. Ɗan kwikwiyon da aka kawo wa yaro ɗan shekara shida, kafin yaron ya cika takwas ya zama cikakken kare, kafin ya kai sha shida kuwa furfura ta fito masa a baki. Yawancin karnuka shekara 10 zuwa 13 suke yi a duniya. Ƙananan jinsi sukan zarce haka, ƙattin kuma da wuya su wuce goma. Ke nan a cikin ƙuruciya guda yaro zai ga karensa yana ƙanensa, ya gan shi tsaransa, sannan ya ga tsufansa. Kowane zango da abin da yake buƙata, kuma ko da bakin kowa a gidan na cewa "karen wane ne", nauyin a wuyan iyaye yake. Ga yadda ake bi da shi tun daga farko.

Kafin a kawo kare gida

Ku fara tambayar kanku: in yaron ya gaji da karen bayan wata biyu, wa zai ci gaba da ba shi abinci, ya kwashe kashinsa, ya kai shi wurin likita? In amsar ba ɗaya daga cikinku manya ba ce, ku dakata. Yara sukan yi alkawari da zuciya ɗaya, amma ɗokin sabon abu ba ya daɗewa. A ganina yaro ɗan shekara biyar zuwa bakwai ya fi dacewa da sabon kwikwiyo, domin ya kai munzalin da za a gaya masa doka ya riƙe. Mai shekara biyu bai san bambancin shafa da finciko ba, don haka haɗa shi da kwikwiyo renon jarirai biyu ne a lokaci guda.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas. A cikin 'yan uwansa yake koyon iyakar cizo: in ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, shi kuma ya gane ya wuce gona da iri. Wanda aka ɗauke tun yana mako biyar bai samu wannan darasi ba, kuma a hannun yaronku zai gwada haƙoransa. In da hali ku je ku ga uwar. Karya mai natsuwa, wadda ba ta firgita da mutane, ita ce alamar da ta fi launin gashi ko girman kai muhimmanci. A cikin 'ya'yan kuma ku bar wanda ya maƙale a lungu yana kyarma, ku bar wanda ke danne kowa, ku ɗauki wanda ya zo ya shinshina hannu ya tsaya a shafa shi. Babban kare da aka san halinsa da yara shi ma zaɓi ne mai kyau, sau da yawa ma ya fi sauƙi. Sannan ku bar yaron ya yi ɗan lokaci kusa da karnuka kafin a yanke shawara, domin wasu yara gashin kare da yawunsa na sa su atishawa, ƙaiƙayin ido, ko tayar musu da asma.

Likitan dabbobi tun a makon farko

Wannan mataki ba a tsallake shi. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar rigakafi yana mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako biyu zuwa huɗu har ya kai mako 16. Allurar na kare shi daga cututtuka irin su fabo, mai sa amai da gudawar jini, da distemfa, mai kama numfashi da ƙwaƙwalwa. Ta ciwon haukan kare kuwa daga mako 12 ake yin ta, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Ku adana katin allurar wuri ɗaya da na yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka daga kare suke kamuwa, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Joseph Meister, wanda masanin kimiyya Louis Pasteur ya ceto daga wannan ciwo da allurarsa a Faransa a 1885, shi ma yaro ne ɗan shekara tara. Abin da ke ƙara jefa yara cikin haɗari shi ne ɓoye rauni don tsoron faɗa, ko tsoron kada a kori karen. Saboda haka ku gaya wa yaronku tun yau cewa duk cizo ko yagi, komai ƙanƙantarsa, daga karen gida ko na waje, ya zo ya faɗa, ba wanda zai yi masa tsawa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Cutar in ta fara nuna alama kusan ba a tashi, amma allurar da aka yi da wuri tana tare ta.

Sai tsutsar ciki. Kwiyakwiyi da yawa da ita ake haihuwarsu, ƙwanta kuma na fita ta kashi ya daɗe a cikin ƙasa, inda yara ke wasa suna kai hannu baki. Ana ba su magani duk bayan mako biyu suna ƙanana, sannan duk wata har su kai wata shida, daga nan likita ya tsara na gaba. A kwashe kashi kullum, a nemi maganin kaska da ƙuma, a saba wa yaro wanke hannu bayan wasa, kada kuma a bar kare ya lashi fuskarsa ko wani rauni a jikinsa.

Haɗuwar farko da kwanakin da ke biye

Ranar da aka kawo shi, a hana taron yara da ihu. Yaron ya zauna a ƙasa, ya yi shiru, a ajiye kwikwiyon nesa kaɗan a bar shi ya zo da ƙafarsa. In ya zo ya shinshina, yaron ya shafa ƙirjinsa ko gefen wuyansa. Kada ya kai hannu ta saman kai, domin hannun da ke saukowa daga sama tsoro yake ba ƙaramar dabba. Kada kuma a bar yaro ya ɗauke shi yana tsaye. Kwikwiyo kan zille, faɗuwa ɗaya kuma ta isa ta karya masa ƙafa.

A ware wa karen wurinsa, da shimfiɗa da ruwan sha, a kafa doka cewa in ya shiga nan ba mai bin sa. Kwikwiyo na barcin awa 18 zuwa 20 a rana, kuma wanda aka hana barci yakan zama mai yawan cizo da rigima. Game da fitsari da kashi, a fitar da shi wuri ɗaya duk lokacin da ya tashi daga barci, ya gama cin abinci ko ya gama wasa, in ya yi a yaba masa nan take. In ya ɓata ɗaki a goge kawai. Dangwala masa hanci a ciki ba ya koya masa komai sai tsoron mutum.

Daga mako uku zuwa wajen mako 14 ne kwikwiyo ke karɓar sabon abu ba tare da fargaba ba. Abin da ya saba da shi a wannan lokaci ya saba ke nan, abin da bai gani ba kuma zai iya zame masa abin tsoro har tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku nuna masa yara masu shekaru daban-daban, maza da mata, keke, ƙarar mota, kukan jariri, ɗaya bayan ɗaya kuma cikin lumana. Tunda allurarsa ba ta kammala ba, ku nisanta shi daga wuraren da karnukan da ba a san lafiyarsu ba suke kashi.

Koya wa yaro karanta jikin kare

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne iyaye suka fi sakaci. Yawancin cizon da ƙananan yara ke samu daga karen da suka sani ne, a cikin gida, kuma a fuska ko kai ko wuya, saboda tsayinsu ɗaya da bakin kare. In abin ya faru sai ka ji ana cewa "haka kawai ya cije shi". Da wuya ya zama haka kawai. Karen ya daɗe yana magana, ba wanda ya iya yarensa.

Kare ba ya fara da gurnani. In abu ya dame shi, sai ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya lashi hancinsa, ya kau da kai gefe. In ba a bar shi ba, sai ya tashi ya bar wurin. In an bi shi, sai ya kwantar da kunnuwa, ya cusa jela tsakanin ƙafafu, ya riƙa kallo ta gefe har farin idonsa ya fito. Daga nan sai jikin ya sandare, bakin ya rufe gam. Sai gurnani, sai kai cizo a iska, sai cizon gaske. Ku zauna da yaron kuna kallon karen, ku riƙa tambayarsa: "Ka ga ya juya kai? Me kake jin yana cewa?" Yara na iya koyon wannan, kuma yaron da ya gane cewa karensa na da abin da yake so da wanda ba ya so ya fara ɗaukarsa a matsayin aboki, ya daina ganinsa kamar kayan wasa.

Kada ku daki kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi gobe cizo zai kai kai tsaye. In ya yi gurnani ku raba su cikin natsuwa, sannan ku binciki abin da ya kawo shi. Haka kuma kaɗa jela ba kullum murna ba ce. Jelar da ke kaɗawa a sake, ƙugu na bin ta, wannan farin ciki ne. Wadda ta miƙe sama a sandare tana rawa da sauri, mai ita a shirye yake da faɗa.

Akwai wata dabara mai sauƙi da nake ganin ta fi kowace amfani. Yaro ya shafa karen yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, sai ya janye hannu. In karen ya matso ko ya zunguri hannun da hanci, yana son ƙari. In ya kau da kai ko ya tashi, an gama. Karen da ya san in ya ce a'a za a ƙyale shi, shi ne ke yawan zuwa da kansa.

Dokokin da suka rage kaɗan ne, amma ba a sassauta su: ba a taɓa kare yana cin abinci, yana barci, ko yana gwaguyar ƙashi, ba a hawansa, ba a jan kunne ko jela, ba a kai fuska kusa da tasa. Runguma ma, wadda yara ke nuna ƙauna da ita, yawancin karnuka haƙuri kawai suke yi da ita. Kuma yaro ɗan ƙasa da shekara shida ba a barinsa shi kaɗai da kare, komai kirkin karen, ko na ɗan shiga ɗaki a fito ne. In za ku tashi, ku tafi da ɗayansu.

Watannin cizo

Kwikwiyo na da haƙoran nono 28 masu kaifi, waɗanda ke zubewa daga wajen wata uku zuwa huɗu, manyan guda 42 su gama fitowa wajen wata shida zuwa bakwai. A wannan tsakani dasashinsa na ƙaiƙayi, komai ya samu taunawa yake. Yaro kuwa in an kama masa ƙafa sai ya yi ihu ya ruga, wanda a wurin kwikwiyo gayyatar wasa ce. Ku koya masa ya tsaya cak kamar bishiya, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya kalli ƙasa. Abin da ba ya motsi ba ya ba kare sha'awa. Sai babba ya miƙa wa kwikwiyon abin taunawa. Wannan tsayuwar za ta yi wa yaron amfani har ranar da baƙon kare ya taso masa a hanya.

Aikin yau da gobe

Shaƙuwa daga ƙananan abubuwan da ake maimaitawa kullum take fitowa, don haka a ba yaron aiki daidai ƙarfinsa. Ɗan shekara huɗu zuwa shida zai iya zuba ruwa da auna abinci, babba na tsaye. Kwikwiyo na ci sau uku zuwa huɗu a rana, bayan wata shida a koma sau biyu. Ɗan bakwai zuwa goma zai iya taje gashi, duba kaska a kunne da tsakanin yatsu, da koyar da umarni. Fita yawo da igiya shi kaɗai kuwa sai ya kai wajen sha biyu, kuma sai in yana da ƙarfin riƙe karen in ya fizga. A guji fita da tsakar rana, domin kare da haki yake sanyaya jikinsa, zafi na saurin kayar da shi.

Yara na son raba abin da suke ci da abokinsu, saboda haka su haddace abubuwan da ke cutar da kare: cakulan, albasa, tafarnuwa, inibi da busasshensa, cingam mai ɗauke da sinadarin zailitol, da dafaffen ƙashi, wanda ke tsagewa ya huda hanji. Magungunan ciwon jiki na mutane ma ba a ba shi sai da izinin likita.

Ga yadda yaro zai koya masa zama. Ya riƙe ɗan guntun abinci dab da hancin karen, ya ɗaga hannun a hankali zuwa saman kansa. Kai na bin hannu sama, gindi zai sauka ƙasa. Yana taɓa ƙasa yaron ya ce "zauna", ya ba shi ladan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In aka makara kare ba zai san abin da aka biya shi a kai ba. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana, kuma kowa a gidan ya yi amfani da kalma ɗaya. Kiran suna kuwa, yaron da babba su tsaya nesa da juna suna kiransa bi da bi, duk wanda ya je wa ya ba shi lada. Kada a taɓa kiran kare don a hukunta shi, in ba haka ba zai daina amsa kira. In ya ɗauki takalmin yaron, kada a bi shi da gudu ko a ƙwace. A nuna masa abin da ya fi daɗi, ya saki a yi musaya.

Wasan ɓuya ya fi kokawa nesa ba kusa ba. Yaron ya ɓuya ya kira sau ɗaya, karen ya nemo shi da hanci, wanda shi ne babbar baiwarsa. Haka jefa ƙwallo, haka zama kusa da shi ana karatu da ƙarfi. Masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan sun nuna a 2015 cewa in kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin, wanda ke da hannu a shaƙuwar uwa da jariri, na ƙaruwa a jikinsu duka biyu. Amma kallon da karen ya kawo da kansa ake nufi. Ƙure shi da ido barazana ce, a hana yaro yin haka.

Lokacin taurin kai

Daga wata shida zuwa wajen wata 18 kare na shiga balaga, sai ka ga wanda ke zama da kalma ɗaya ya koma kamar bai taɓa jin ta ba. Wani bincike da Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle a Ingila ta jagoranta a 2020 ya gano cewa karnuka 'yan wata takwas sun fi yin biris da umarnin mai kula da su, alhali suna bin na baƙo. Yaro zai ji haushi, har ya ce karen ya daina sonsa. Ku bayyana masa cewa zango ne mai wucewa. A koma darussan farko, a ƙara motsa jiki, a riƙe igiya a waje. Duka a wannan lokaci na rushe amanar da aka yi watanni ana ginawa. Ku tattauna da likita kan dandaƙa ko cire mahaifa da lokacin da ya dace da jinsin karenku.

In yaro ya girma, kare ya tsufa

Wata rana makaranta da abokai za su cinye lokacin yaron. Kada ku yi masa gori, ku dai riƙe masa abu ɗaya da ba ya tashi, ko abincin safe ko yawon yamma. In karatu zai kai shi nesa, wanda zai karɓi aikin ya fara yi tare da shi makonni kafin tafiyar, don kada sauyin ya zo wa karen kwatsam.

Daga wajen shekara bakwai kare ya fara manyanta, ƙattin ma kafin haka. Ji na raguwa, ido na dushewa, gaɓoɓi na ciwo. Karen da bai taɓa gurnani ba in ya fara, a fara zargin ciwo kafin a zargi hali. A daina taɓa shi ba zato. A fara motsi inda zai gani. A rage tsawon yawo amma kada a daina, a tausasa shimfiɗa, a riƙa kai shi likita sau biyu a shekara. Ku sa matashin cikin jinyar, ya ba da magani, ya raka ku asibiti. Jinyar kare tsohon abu ne a wurin ɗan Adam: a Oberkassel kusa da birnin Bonn na Jamus an tono kabari mai kimanin shekara 14,000, namiji da mace da ɗan kare a ciki, kuma haƙoran karen sun nuna ya yi makonni cikin ciwo mai tsanani wanda da ba a kula da shi ba da bai kai lokacin da ya kai ba.

In ƙarshe ya matso, a gaya wa yaron gaskiya da kalmomin da zai gane. Kada a ce karen ya yi barci, ƙaramin yaro zai iya tsoron kwanciya. Kada a ce ya gudu, zai zauna jiran dawowarsa. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar ba su cika gane cewa mutuwa ba ta da dawowa ba, za su yi ta maimaita tambaya ɗaya, a riƙa ba su amsa ɗaya cikin haƙuri. Waɗanda suka ɗan girma kuma sukan ɗora wa kansu laifi a ɓoye, suna tuna ranar da suka manta ruwa ko suka yi masa tsawa, don haka a fito fili a ce musu ba su ne sanadi ba. In likita ya ba da shawarar allurar da za ta yanke masa wahala, a sanar da yaron kafin ranar, a ba shi damar yin sallama. Kada kowa ya ce masa "kare ne fa kawai". Sabo ake yi wa kuka. A bar shi ya ajiye hoto ko igiyar wuyan in yana so. In baƙin cikin ya hana shi ci, barci ko zuwa makaranta har tsawon makonni, a nemi shawarar likita.

Kada a yi gaggawar kawo wani a mako guda don a share hawaye. A jira har yaron da kansa ya ɗauko maganar. In lokacin ya yi, a ba sabon nasa sunan daban, a kai shi wurin likita a makon farko, kuma a sake bin matakan nan daga tushe, domin halinsa ba lallai ya zo ɗaya da na wancan ba.